Ranar da saba ta hana ni shiga a gaban Inna

Ko tsufa ya cinye min haƙora ba na jin zan manta da ranar raba kyaututtuka ta makarantarmu, ranar da na tara iyayen yara don su ga gwanintata, suka ga abin da ya fi ta daɗin kallo.

Ni ce malamar kwamfuta a wata sakandaren 'yan mata a Gaya. Na je kwas na wata uku a Kano na dawo, kai ya kumbura, ko gaisuwa sai na sa mata Turanci. Da dawowata na ɗauki wata tsohuwar kwamfuta na mai da ita saba, wato ma'ajiyar da duk sakamakon jarrabawa yake zama, na ajiye ta a sito. Daga laftof ɗina nake shiga ta hanyar da ake kira SSH. Mabuɗi biyu ne: na sirri yana wajena, ɗan'uwansa na fili yana cikin foldata, wato ɗakin ajiyata, a saba, in sun gane juna sai a buɗe min. Shiga da kalmar sirri kuwa na toshe shi gaba ɗaya, na ce wannan na 'yan koyo ne. (Allah ya shirye ni.)

Mutum ɗaya na yi wa nasa mabuɗin da ikon duba komai, shi ma don Hajiya Shugaba ta matsa: Malam Habu, malamin lissafi, dattijon da duk abin da aka koya masa sai ya rubuta a ɗan littafin aljihu. Na sha yi masa dariya a ɗakin malamai.

Ana gobe taro malamai suka dame ni, kowa yana son zuba makin ajinsa. Ni kuwa 'yar ƙauyen Balan ce, kuma 'yar Inna. Gidanmu ba a rufe shi. Mai neman gishiri ta shigo, mai aron taɓarya ta ɗauka, wani lokacin sai kin dawo daga rijiya ki tarar da baƙuwa tana sallah a tabarmarki. Sai na ce me ye na wahalar da mutane? Na buga umarni ɗaya mai lamba bakwai sau uku a jere, na buɗe wa kowa foldata da duk abin da ke cikinta, ya shiga daga kwamfutocin makaranta ba sai da mabuɗi ba, ya rubuta abin da ya ga dama. Suka zuba makinsu, suna ta sa min albarka, ina jin kaina kamar wadda ta gina masallaci.

Washegari da hantsi zauren taro ya cika. Iyaye sun baro gonakinsu da ciyawa a tsakiyar damina, daga Kademi, daga Toranke, don kawai su ji wace ce ta zo ta ɗaya. Inna ma ta zo, ta ci ado da atamfar da take ajiye wa biki, ta zauna a gaba tana gaya wa ta kusa da ita, “Waccan mai na'urar tawa ce.” Na hana a buga sunayen a takarda. Na ce a bango za su fito ta majigi, kowa ya gani da idonsa.

Hajiya Shugaba ta ce, “Bismillah, Malama.”

Na gyara mayafi, na danna. Rubutu ya fito a bango ɓaro-ɓaro: saba ta ce ba ta yarda da mabuɗina ba. Na sake. Ta ƙi. Na yi murmushin ƙarfin hali na ce netwok ne, alhali ga shi nan a cike. Na duba ko sunana na rubuta ba daidai ba, daidai yake. Na duba ko wani mabuɗin laftof ɗin take miƙawa, nawa ne. Na sa ta bayyana duk abin da take yi, sai ga rubutu yana zuba kamar tururuwa, ƙarshensa dai a'a. Wani tsoho a baya ya ce, “Kai, sunayen da yawa haka?”

Na ce a buɗe sito in je wajen sabar da kaina. Aka ce mai riƙe da makullin ya tafi bikin suna a Ajingi. Hadari kuma ya fara haɗowa, masu babur suna ta leƙen sama, wasu har sun miƙe. To a nan ne shaiɗan ya miƙo min makirfo, ni kuma na karɓa. Na ce, “A yi haƙuri jama'a, wani ne da bai san aikin ba ya taɓa min na'ura.” Har da ɗan kallon gefen da Malam Habu yake. (Mutum biyu ne ke da mabuɗi, kowa ya san wa nake nufi.)

Bawan Allah ya taso gaba. Ya ɗauko tsohuwar laftof ɗinsa, ya sa tabarau, ya buɗe ɗan littafin nan, yana bin layi da yatsa yana dannawa. Sai ga shi a ciki, sau ɗaya tak! Ya buɗe inda saba take rubuta duk wanda ta kora da dalilin korarsa, ya karanta a hankali, ga makirfo a gabansa a kunne.

“Malama, ta ce mabuɗinki lafiyarsa ƙalau. Foldar da yake ciki ce a buɗe wa kowa. Tunda kowa zai iya shiga ya ajiye nasa mabuɗin ya ce shi ne ke, ba za ta yarda da ko ɗaya ba. Wa ya buɗe ta?”

Na ji muryata, 'yar ƙarama, ta ce, “Ni ce.”

“Af,” in ji shi. “Ai kin koya mana wannan a sati na biyu na darasin da kika yi wa malamai. Ga shi nan na rubuta.” Ya ɗaga littafin sama.

Wayyo Allah. Dariyar da aka yi, har Hajiya Shugaba sai da ta rufe fuska da gyale. Na so ƙasa ta tsage. Malam Habu ya mai da foldar yadda take, ni kaɗai ke da ikon rubutu, ya ce in gwada. Na danna. Sunaye suka fito a bango, wata yarinya 'yar Kademi a sama. Babanta ya miƙe yana kabbara, mata suka ɗau guɗa, ruwa ya sauko a kan kwanon rufi, ba wanda ya ƙara tunanin tafiya. Ni kaina na samu kaina ina tafi ina dariya da hawaye.

Da aka tashi na je na durƙusa na ce, “Baba Malam, ka yafe min.” Ya ce ya yafe, amma in sayi littafin aljihu. Na saya, yana jakata yanzu haka.

Inna ce ta ƙarasa ni a hanyar gida. Na yi mata bayani, har na so in jingina mata laifin, na ce halinta na gado. Ta tsaya cak ta dube ni.

“Ke, kar ki ɓata min suna. Zaure nake bari a buɗe. Kin taɓa ganin na bar rumbu ba kwaɗo?”

Ban taɓa gani ba kuwa. Shekara ashirin da bakwai ina gidan nan, zauren kawai na lura da shi.