Gwaggo Tabawa Ta Fitar da Gari Kunya

A wani ƙauye da ke bakin dam, kifi ya fara mutuwa yana tasowa saman ruwa, alayyafo da latas na masu lambu kuma suka riƙa ƙonewa ba dalili. Mutanen garin suka zargi wani kamfanin jimar fata da ke zuba ruwan wankinsa a rafin da ke gangarowa cikin dam ɗin. Mai unguwa ya yi ta zarya birni da ƙorafi, kullum amsar ɗaya ce: ba a hukunta kamfani da zargi, sai an auna ruwan an ga guba. A ƙarshe dai aka turo musu Dakta Nafi'u, malamin jami'a masanin sinadarai, mutum mai tsantseni wanda ko bironsa ba ya son a gusar daga inda ya ajiye.

Tun da safe Dakta ya shiga kwale-kwale, yana riƙe da gefensa da hannu biyu saboda bai iya iyo ba. Ya sa aka kai shi tsakiyar dam, ya zura wani ƙarfe ya kwaso baƙar laka daga ƙasa ya ƙulla a ledoji. Ya bi rafin da ƙafa yana cika kwalabe da wani koren ruwa mai wari, kowace kwalba ya rubuta a jikinta inda ya ɗebo ta. Ya jera su a kula tare da ledojin lakar, ya zuba ƙanƙara, ya rufe. Da azahar ta yi, Mai unguwa ya ce ba zai bar garin bai ci abinci ba. Aka ajiye kular a zaure, suka wuce masallaci, daga nan suka zauna cin tuwo a gindin bishiya ana ta hira.

To, Mai unguwa yana da mahaifiya, Gwaggo Tabawa, tsohuwar da ta yi zamanin duba-gari. A lokacinsu, da zarar an ji jami'in tsafta ya shigo gari, kowace mace sai ta zubar da ruwan randarta ta wanke ta tas, don kada ya leƙa ya ga tsutsa ya ci gidan tara. Gwaggo tana alfahari da cewa ba a taɓa cin ta tara ba ko sau ɗaya. Tun safe ta ji ana cewa an turo mai duba ruwa daga birni. Da ta zo wucewa ta zaure ta ga kular, sai ta buɗe.

Dakta ya dawo zai kama hanya, ya ɗaga murfin don ya duba ko ƙanƙarar ta narke. Wani ƙamshin kajiji ya bugi hancinsa. Kwalaben na nan a jere, sun fi yadda ya bar su kyau, ruwan ciki garau, jikinsu ba ɗigon rubutu. Ledojin laka kuwa babu su.

Ya tsuguna ya juya kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana neman rubutunsa. Can ya ɗago a hankali ya ce, “Ranka ya daɗe, wa ya taɓa kular nan?”

Kafin Mai unguwa ya buɗe baki, Gwaggo ta leƙo daga ƙofar cikin gida tana gyara mayafi.

“Ni ce, ɗan nan. Ba sai ka yi godiya ba.”

“Gwaggo, ina ruwan da na ɗebo?”

“Na zubar a bayan gida. Ko kaji ban bari sun matso kusa ba. Na wanke maka kwalaben da soso da toka, har wannan zanen da ya ɓata su ya fita. Wannan na randata ne, na sa masa alif ya kwanta, randar kuma jiya na turara ta.”

“Lakar fa?”

“Tana kan faifai tana shan iska. Sai da na yi ta tace ta da rariya kafin ta zama yashin kirki. Ta ba ni wahala.”

Mai unguwa ya dafe kai ya ce, “Inna, ai awo za a kai shi birni.”

“Na sani mana, shi ya sa. Da raina za a ɗauki ruwan garin nan a haka a ajiye gaban manya? Su ce matan garin ƙazamai ne? Kai ba ka jin kunya, ni ina ji.”

Dakta ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, balle ga tsohuwa.

“Gwaggo, ni ba duba-gari ba ne. Ba tara zan ci ku ba. Da ban buɗe kular nan ba, da na kai wannan ruwan an auna, an rubuta cewa ruwanku ya fi na kowa kyau a jihar nan. Kamfanin ya ci gaba da zuba muku abin da ya ga dama, Mai unguwa kuma a ce masa maƙaryaci.”

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, “Wato in an ga ruwanmu da tsafta, mun faɗi?”

“Kun faɗi.”

“In an gan shi da ƙazanta, mun ci?”

“Haka ne.”

“Ikon Allah. Zamani ya juya.” Ta dubi ɗanta. “Kai kuma kana zaune ba ka faɗa mini ba.”

“Inna, ban san za ki buɗe kayan baƙo ba.”

“Kayan baƙo da ke wari a zaurena?”

Dakta ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta a rana, ya ajiye. Ya tuna kwale-kwalen, ya yi ajiyar zuciya.

“Yanzu dole gobe in dawo in sake komai daga farko. Don Allah Gwaggo, in kin ga kayana, ki bar su yadda suke. Dattin nake so. Shi na zo nema tun daga birni, shi ne aikina.”

Gwaggo Tabawa ta dube shi daga sama har ƙasa, cike da tausayi.

“To ɗan nan, in dattin kake so, me ya kawo ka da 'yan kwalabe? Gobe ka zo da tanka ka kwashe duka, kai ka samu na aunawa, mu mu samu na sha.”