Intabiyun Oga Sitika a Bangon Majami'a

Duk wanda ya ce Kafanchan ba ta haifi masanin kwamfuta ba, to bai taɓa haɗuwa da Injiniya Silvanus Kumai ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar da ba a koya a makaranta, shi ya sa ma bai ɓata lokacinsa wajen ƙarasa makarantar ba. Wata bakwai kacal ya yi a Abuja, a ɗakin wani abokinsa, ya dawo mana da tabarau marar magani, da jakar goyo, da laftof wadda sitika ta rufe bayanta ruf. Kowace sitika shaidar wani babban taron masana ce. Tarukan dai bai je ko ɗaya ba, amma ya san shagon da ake sayar da sitikar, kuma ai wannan ma ilimi ne. Daga nan 'yan unguwa suka raɗa masa Oga Sitika, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ran Asabar yakan tara matasa a zauren majami'a, ya koya musu yadda ake samun aiki a kamfanonin fasaha. Shi kansa bai taɓa samu ba, amma wannan ƙaramar magana ce.

"Ku saurara da kyau," yakan ce, yana bubbuga murfin laftof. "A duniyar tek, ba abin da ka iya ake saye ba, fakejin ake saye, wato kwalliyar waje. Idan ka taɓa sa wa kakarka kati a waya, rubuta a si-bi ɗinka cewa kai ƙwararre ne a harkar sadarwar karkara. Ni da kuke gani, Turawa ne ke bi na, ina ja musu aji."

Matasa su yi ta tafi, su koma gida da si-bi, takardar neman aiki, mai shafi shida. Shekara biyu ana haka, ko mai gadi ba a ɗauka daga ajinsa ba. Ya ce laifin Najeriya ne.

To, a gidansu akwai ƙanwarsa Miriyam, mai koyar da kwamfuta a wata sakandare. Ita ba ta da baki, ba ta da tabarau, laftof ɗinta ma da roba take ɗaure murfin. Da ta ga yadda dillalai ke cutar manoman citta a ƙauyensu, sai ta zauna wata da watanni, in ta taso daga makaranta, ta haɗa wata 'yar manhaja mai tura wa manomi farashin kasuwa ta saƙon waya. Da wani kamfanin Legas ya yi shelar neman masu irin wannan aiki, ta kai wa yayanta ya duba, tunda shi ne masani. Oga Sitika ya zame tabarau, ya taɓe baki.

"Ƙanwata, kin yi ƙoƙari, amma abin bai nuna ba. Bar mini shi, kada ki kunyata sunan gidanmu."

Don tsananin kishin sunan gida, a ranar ya tura wa kamfanin manhajar da nasa sunan.

Mako uku sai ga amsa: a zo intabiyu ta bidiyo ran Juma'a da ƙarfe goma na safe. Wani ƙaramin mutum zai yi shiru ya shiga addu'a. Oga Sitika kuwa ya riga malam masallaci. Ya tashi a sujadar Lahadi ya ba da shaida cewa Ubangiji ya riga ya yi, intabiyu cika ƙa'ida ce kawai. Fasto ya sa ranar godiya Lahadi mai zuwa. Mahaifiyarsu, Mama Afiniki, wadda ta gaji da jin matan unguwa na tambayar wane aiki ɗanta yake yi, ta fashe da kukan murna. Ta ba da bunsurun da take tanadi don Kirsimati, ta gayyaci Zumuntar Mata kaf, har dangi daga Madakiya suka ce suna tafe. Mutuncinta na shekara sittin ta ɗora a kan wannan Lahadin.

Amma godiya kaɗai ba ta ishi babban mutum ba. Ya sanar cewa za a haska intabiyun da majigi a bangon zauren majami'a, domin na baya su ga yadda ake yi. Gani ya kori ji, in ji shi.

Ran Juma'a zaure ya cika. Ɗalibansa a gaba da biro da takarda, dattawa a tsakiya, Mama Afiniki da ƙawayenta sun ci ɗaurin ɗankwali. Miriyam ba ta samu kujera ba, don an tura ta bayan majami'a ta soya naman godiya. Oga Sitika ya sha kwat da laktaye a sama, ƙasa kuwa gajeren wando da silifa, domin a cewarsa haka manyan ƙasar waje suke yi.

Wata mata ta bayyana a bango, ta ce sunanta Madam Catherine, ita ce shugabar injiniyoyin kamfanin. Ta ce ya gabatar da kansa. Kai, ranar Turanci ya sha wahala! Minti goma sha biyar yana zuba, ya taɓo makomar Afirka, ya taɓo ƙirƙirarriyar basira, ya ambaci kansa sau arba'in. Dattawa ba su gane ko kalma ba, amma suna ta gyaɗa kai suna cewa amin.

Madam ta jira har ya numfasa. Ta ce manhajar ta burge su ƙwarai. Yanzu abu ɗaya take so, ƙarami: ya buɗe ta a gabanta, ya ƙara kasuwa guda a jerin kasuwannin da ke ciki.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Oga Sitika ya buɗe laftof, layukan rubutu suka cika bango, ya tsaya yana kallonsu kamar akuya a gaban allon makaranta. Ya goge tabarau. Ya sha ruwa. Ya ce sabis ne ke rawa, Madam ta ce tana ganinsa tar, har gumin goshinsa.

"Madam, a matakin da nake, ni mutumin hangen nesa ne," ya ce. "Wannan taɓe-taɓen na ƙananan ma'aikata ne."

"To, bari mu ga ƙananan ma'aikatan," in ji ta.

Akwai wani abu da babu sitikar da ta taɓa gaya wa Oga Sitika. Masu wannan sana'a suna ajiye manhaja ne tare da tarihinta, duk wanda ya yi gyara ko na harafi ɗaya, sunansa da ranar suna nan a rubuce. Shi ya canza suna a shafin farko, ya ɗauka ya gama. Madam ta danna wani wuri, sai ga jeri ya zubo daga saman bango har ƙasa: Miriyam Kumai, Miriyam Kumai, Miriyam Kumai, ya fi sau ɗari uku. Sunan Silvanus sau ɗaya ya fito, ranar da ya goge nata ya sa nasa.

Mama Afiniki ba ta jin Turancin kwamfuta, amma ta san sunan da ta raɗa wa 'yarta. Madam ta tambayi wace ce Miriyam. Oga Sitika ya fara cewa wata 'yar ƙaramar mataimakiyarsa ce, sai Mama ta miƙe.

"Silva, rufe mini baki! Yarinyar da ta hana kanta hutu wata tara? Ku kira mini ita."

Aka shigo da Miriyam tana ƙamshin soyayyen nama. Ta kalli bango, ta kalli yayanta, idonta ya kawo ruwa. Ta goge hannu da gefen zani, ta zauna a kujerarsa. Cikin minti shida ta ƙara kasuwar, ta kuma nuna wa Madam wani kuskure da kamfanin bai lura da shi ba. Ɗaliban Oga Sitika, da suka zo koyo, ranar suka fara rubuta abu mai amfani.

Washegari takardar ɗaukar aiki ta iso wayar Miriyam. Fasto ya ce ba a fasa godiya, tunda Ubangiji ya ba gidan Kumai aiki kamar yadda aka shaida, adireshi ne kawai aka yi kuskure. Ran Lahadi Mama Afiniki ta taka rawa har gaban bagadi, 'yarta a gefenta, Zumuntar Mata na guɗa a baya. Oga Sitika ya nemi a ba shi makirufo ya yi bayanin yadda ya rene ta, aka ba shi kular shinkafa ya raba wa baƙin Madakiya.

Shi dai gwano ba ya jin warin jikinsa. Kafin mako ya zagayo ya ƙara wa kansa muƙami a katin sana'arsa: Mai Gano Haziƙai. Da sabuwar laftof ɗin kamfani ta iso wa Miriyam, baƙa sumul ba ko ɗigo a bayanta, tausayi ya kama shi. Ya ɓanɓaro sitika biyu mafi kyau daga tasa, ya kai mata, ya ce ta liƙa don a riƙa ganin girmanta a cikin masana.

Miriyam ta dubi sitikar, ta mayar masa a tafin hannu.

"Riƙe abinka, Broda. A duk laftof ɗin nan taka, su kaɗai ne aikin hannunka."