Yadda Za Ka Wanke Kyaftin Gemu Kan Maganar Gwangwani

Kai da ka kalli kaset na ƙarshe na "Kumbon Bayan Wata" a gidan kallon Lado da ke Yalwawa, ka san abin da ya raba Dutse gida biyu. Mai ya kusa ƙarewa a kumbo, sai Kyaftin Gemu ya sauke Gwangwani, mutumin ƙarfen nan da ke yi musu girki, ya bar shi a wata duniya da ke ci da wuta, ya ja jirginsa. Rabin gari na cewa zalunci ne. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci ba mai kayar da kai a musu. Falalu tela ya gwada su, a daidai lokacin da aka kai kayan sa ranarsa da Munira, 'yar Malam Yahuza mai makarantar allo.

1. Fara da ɗaga murya

Hujja daga baya take zuwa, in ma ta zo. Falalu ya daki bencin mai shayi ya ce, "Ƙarfe ne fa, jama'a! Wa ya taɓa yi wa tukunya jana'iza?" Muntaka mai faci, wanda ya sha kuka a gidan kallo ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa ido, ya koma kan kofin shayinsa.

2. Jawo addini

Bana shekarar shari'a ce, kowa malami ne. Tambayi abokin musunka: Gwangwani yana alwala? Ruwa ma tsatsa yake sa shi. In ya ce ai ya ɗaga hannu yana bankwana, ka ce waya ce ta haɗe.

3. Kashe tausayi

In ka tuna yadda Gwangwani ya miƙa wa Kyaftin kwanon abinci kafin a rufe ƙofa, yi maza ka kurɓi shayi mai zafi. Hawayen da zai zubo na shayi ne.

4. Nemo fatawa, ka ɓoye kaset

Nan gwanintar take. Falalu yana son maganar malami da zai rufe bakin Muntaka har abada, amma in surukinsa ya ji yana shiga gidan kallo, ai kashinsa ya bushe. Sai ya durƙusa a zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, wasu fatake ne guzurinsu ya ƙare a hanya, madugu ya yar da wani injin girki don rage kaya. Akwai laifi?"

Malam ya ajiye carbi. "Injin yana magana?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Yana da jar fitila a goshi?"

Falalu ya gyara durƙuso.

5. Tsaya kan bakanka

"Gwangwani kake nufi," in ji Malam. "Na kalla a gidan ƙanena tun daga kaset na fari, don in san abin da zan hana yara. Wallahi tun ranar da aka yar da shi, tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba. Kai me ka gani?"

Raggo a nan zai sauya sheƙa. Falalu ma ya so, don yana son Munira kamar ransa, amma ya tuna duk bencin mai shayi na jiran sa. Sai ya dage.

"Gafarta Malam, ai ba shi da rai. Kuma nauyi ne."

"Nauyi," Malam ya maimaita. "Wanda ya ciyar da su tun tashin jirgi. To, Munira ma girki za ta yi maka, kuma kowane gida akwai ranar da mai ke ƙarewa. Tashi, ka gaida mutan gida."

Lura da kyau: Malam bai ce Gwangwani yana da rai ba. Ke nan Falalu ya ci musu. Kafin Juma'a aka mayar da kayan sa rana. Falalu ya je ƙofar gidan Malam ya yi ta sallama, Munira ta leƙo ta ce, "Malam Falalu, ja kumbonka."

Gargaɗi

Alƙawarin cin musu na yi maka, ban yi na mata ba. Duk wanda ya bi matakan nan aka dawo masa da goro, babu ruwana, babu ruwan Lado. Ya kai ƙara wurin Kyaftin Gemu, in ya san inda ya sauka.