Yadda Za Ka Zama Ɗan Wata Jiha Cikin Wata Goma Sha Biyu

Idan 'yarka ta gama sakandare ta ƙwallafa rai a kan jami'ar wata jiha, kada ka yi saurin jinginar da gidanka. Ga hanya mai matakai bakwai. Na bi ta da ƙafata, kuma ina ba ka tabbaci: duk wanda ya bi ta sau da ƙafa, cikin shekara guda hukuma za ta sauya masa jiha, da hatimi da sa hannu.

Mataki na 1: Karanta takardar kuɗin a zaune

Jami'ar jiha farashi biyu gare ta. Kujera ɗaya, malami ɗaya, amma ɗan jiha zai biya dala dubu goma sha biyu a shekara, baƙo kuwa dubu arba'in. Abin da ka tara tun tana goyo zai kai ta shekara huɗu a farashin farko, a na biyu kuma zai kai ta Kirsimeti na biyu.

Tawa sunanta Maren. A Nebraska aka haife ta, inda rumbun masara ya fi kowane tudu tsayi. Ta ce ita sai Colorado.

"Me za ki karanta a can?"

"Baba, ka ga duwatsunsu kuwa?"

"Na gani. Wane sashe ne ke koyar da su?"

Kada ka yi wannan tambayar. Kwana biyu ko gaisuwa ban samu ba.

Mataki na 2: Kada ka yabi jami'ar garinku

Ko da kana hangen hasumiyarta daga tagar kicin, ko da tafiyar minti goma ce a keke, ka yi kamar ba ka taɓa jin labarinta ba. Masana sun tabbatar cewa duk abin da uba ya yaba, ya gama yawo. Ni na yi kuskure na ambata sau ɗaya.

"Haba Baba! Can fa duk 'yan ajinmu za su. Har yaron nan da ya cinye alli a aji uku."

Mataki na 3: Tono ɗan'uwa a can

Doka ba ta da wuya: wanda ya zauna a jiha wata goma sha biyu da hujja, ya zama ɗan gida. Sai dai yarinyar da ubanta ke ciyarwa, inda uban yake nan ne jiharta. Wato kai ma za ka tashi. Uwar Maren tana Arizona da sabon mijinta, shawara kawai take aikowa, don haka kayan a kaina yake.

Ina da yaya a Colorado, Lorraine, da mijinta Merle. Suna da 'yar gona, da awaki, da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ɗauki waya, ka sassauta murya.

"Yaya, kwana biyu."

"Duane? Shekara shida ba ka kira ni ba. Wa ya mutu?"

"Babu kowa. Zumunci ne kawai."

"To. Zumuncin na wata nawa ne?"

Mataki na 4: Share sawunka

Rabin ƙaura ba ƙaura ba ce. Sauya lasisin tuƙi, sauya lambar mota, sauya katin zaɓe, kai harajinka sabuwar jiha. Jar rigar ƙungiyar ƙwallon garinku, tura ta ƙasan akwati. Gidanka kuma ba da shi haya. Idan ka samu mai son shekara biyu a jere, kamar wani likitan haƙori da na samu, kada ka yi jinkirin sa hannu. Mai wayo ba ya barin ƙofar baya a buɗe.

Za a nemi takardar kuɗin wuta mai sunanka. Na yi ta kame-kame kafin in roƙi Merle wannan alfarma, sai na ga ya miƙe ya rungume ni.

"Suruki, ai an zama ɗaya! Yau ɗin nan za a mayar da ita sunanka."

A ƙarshen wata na gane cewa mita ɗaya ce ke ɗauke da gidan, da garken awaki, da firiza uku cike da naman barewa.

Mataki na 5: Yi haƙuri, ci barewa

Da safe barewa, da rana barewa. Ranar Lahadi a niƙa ta a sauya mata suna. Duk sanda ka hawo daga ɗakinka, surukinka zai ce, "A hankali da matakala, ku mutanen masara ba ku saba hawa ba." Yi dariya. Kowace dariya tana rage maka wani abu daga dubu ashirin da takwas.

Ita kuma yarinya, sama mata abin yi kada zaman jira ya gundure ta. Tawa ta bi gwaggonta garke. Wata safiya akuya ta kasa haihuwa, aka kira likitar dabbobi, likita ta ce tana son mai siririn hannu. Bayan awa guda Maren ta shigo kicin, jini har gwiwar hannu, tana washe baki.

"Baba, biyu ne! Ni na juyo na biyun!"

Ce mata madalla, ka nuna mata sabulu, ka koma kan takardunka. Babban mutum ba ya bari akuya ta ɗauke masa hankali.

Mataki na 6: Je ka karɓi nasararka

Ranar da wata goma sha biyu suka cika, sa taye. Matar ofishin rajista ta juya takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta dubi kuɗin wutar ta ɗago ta dube ni da tausayi, sannan ta buga hatimi.

"Barka, Mista Petrusek. Kun zama 'yan Colorado."

A mota ina ta fito da baki don murna, Maren tana murza bakin rigarta.

"Baba, in na faɗa maka wani abu ba za ka yi ihu ba?"

"Yau ko motar kika ƙona na yafe."

"Aikin dabbobi nake so. Likitar Gwaggo ta ce in shanu da awaki nake nufi, makarantar garinmu ce ta dace da ni, a can ita ma ta yi. Na nema. Sun ɗauke ni."

"Duwatsun fa?"

"Shekara guda ina kallonsu, Baba. Ba sa yin komai."

Nemi gefen titi ka tsaya. Wannan shawarar ta 'yan sanda ce, ba tawa ba.

Mataki na 7: Kira gida

Kada ka tsorata, ai garinku ne. Wadda ta ɗauki wayar a ofishin jami'ar ma, Darlene, tare muka yi firamare.

"Duane! Ya Colorado? Mun ga takardun Maren, kai, yarinya ta yi ƙoƙari. Kuɗin baƙo ne, dubu talatin da takwas."

"Baƙo? Darlene, kakana ne ya haƙa rijiyar bayan coci!"

"Na sani, ina shan ruwanta. Lambar motarka ta ina ce?"

Na leƙa lambar motata: Colorado.

"Za mu ajiye mata gurbi. Ku dawo ku zauna wata goma sha biyu, da hujja."

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da ina ɗauka karin magana ne, ashe doka ce.

Daga nan sai ka koma Mataki na 3. Likitan haƙori yana da sauran shekara a gidana, amma mutumin kirki ne: ya ba mu hayar ɗakunan saman garejina, kuma da na yi maganar takardar wuta, shi ma ya rungume ni. Maren tana aiki a asibitin dabbobi na bakin gari, kullum tana dawowa da warin saniya da waƙa a baki. Hasumiyar jami'ar kuwa, daga saman gareji ta fi fitowa sosai.

Gargaɗi

Alkawarin da na yi shi ne za a sauya maka jiha, kuma an sauya. Araha ban ambace ta ba, koma sama ka duba. Babu ruwana da kuɗin wutarka, ko gidanka, ko abin da barewa za ta yi wa cikinka. Akwai masu cewa a tura yarinya hutun wata guda wajen gwaggonta kafin a taɓa lambar mota. Wannan ban gwada ba, don haka ba zan ba da shawarar abin da ban sani ba. Mai ƙorafi ya rubuto, amma ya dakata da adireshi tukuna, sai nan da wata bakwai za a san ko ni ɗan ina ne.