Wanda Ya Rubuta Ya Same Ni a Ofis

Ko na tsufa ba na jin zan manta da ranar Talatar da na kira malamina ofis.

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata sakandare a Kurfi ba. Kullum ina tasowa daga Dutsin-Ma da kwamfuta a jaka da girman kai (wanda ya fi kwamfutar nauyi). Ni na kawo shawarar a buɗe fayil guda a intanet, 'yan aji biyar su rubuta rahoton ziyarar da suka kai wa masu noman rani a Zobe, malamai kuma mu riƙa gyarawa. Kowa na ganin abin da kowa ya rubuta.

Ranar Litinin bayan la'asar na buɗe, na tarar da gabatarwa a saman shafi. Ba aya, ba waƙafi, "ƙasa" ta koma "kasa", tumatir kuwa an rubuta shi iri uku. Raina ya ɓaci. Na bi layi-layi ina zuba sharhi a gefe, na rufe da cewa: "Wannan abin kunya ne. Wanda ya rubuta ya same ni a ofis gobe." (Akwai wurin da ke nuna sunan mai rubutu. Ban duba ba.)

Washegari muna ɗakin malamai sai Malam Haruna ya yi sallama. Shi ne malamin aikin gona, dattijo mai shirin ritaya, kuma shi ya fara koya mini riƙe fensir a firamare a Kutawa. Ya tsaya gaban teburina, hannu biyu a baya kamar ɗalibi.

"Ranka ya daɗe, ga ni. An ce wanda ya rubuta ya same ka."

Malama Binta, mai koyar da lissafi, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Ashe tun jiya yara da malamai duk sun karanta. Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa ina neman gafara ba.

Ya ɗago ni yana murmushi. Ya ce kwana biyu ya yi yana bugawa a waya da yatsa ɗaya, ga ido ya yi rauni, amma bai so yaransa su yi aiki shi yana gefe ba. Gyarana daidai ne, in ji shi, sai dai in nuna masa inda ake samo harufa masu lanƙwasa. Muka zauna. Da na karanta a natse, sai na ga bayaninsa kan ban-ruwa ya fi komai ma'ana a fayil ɗin.

Na goge sharhin, na rubuta ban-haƙuri a inda yara za su gani.

Yanzu kafin in yi wa rubutu faɗa nakan tambayi kaina: in mai shi ya shigo da furfura, zan iya maimaitawa a gabansa? Yawanci ba zan iya ba. Ɗalibaina har cewa suke na yi sauƙin hali, ba su san cewa tsoro ne kawai ba.