Wankan Genzo a Osaka

"Zancen otal ina zaune a tambayi wani?" in ji Genzo Kuwabara yana dukan ƙirji a gaban 'yarsa da matarsa. "Tun kafin a haife ki nake shiga masaukai ina fita. Ku bar mini kawai. Wurin da zan zaɓa, surukan nan daga bakin ƙofa gwiwarsu za ta yi sanyi."

Ta wani gefen yana da gaskiya, abokina. Shiga kam yana shiga, amma ta ƙofar baya, da kwandon ƙwai a kafaɗa. Garinsu ɗan ƙauye ne a tsaunukan Tottori, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, sana'arsa kuwa dafa ƙwai a ruwan nan ya rarraba wa gidajen baƙi. Osaka sau ɗaya ya taɓa zuwa, yana ɗan makaranta, kuma rabin tafiyar amai ya yi ta kwarawa a mota. Amma in ka ji shi yana ba da labarin birnin, sai ka rantse shi ya yanka wa mutane filaye. A gabansa ana ce masa Sarkin Ƙwai, in ya juya baya kuma kifin rijiya.

Ga abin da ya kawo maganar. 'Yarsa Mikako tana aiki a Osaka, ta samu yaron da take so, shi ma yana sonta. Matsalar iyayensa ne. Uban, Tsujimoto, tsohon babban ma'aikacin kamfani ne, irin mutanen da ko murmushi sai sun yi shawara da kansu. Shi da matarsa ba su ce e ba, ba su ce a'a ba, sun dai ce a haɗu da iyayen yarinya a sha shayi tukuna. Kowa ya san abin da wannan shayin yake nufi. Mikako ta roƙi ubanta har da hawaye ya bari ta kama ɗan ɗaki a wani gidan abinci mai natsuwa, a gaisa a watse lafiya. Genzo ya ce shi ba za a raina shi a birni ba, babban otal za su sauka, a can kuma za a karɓi baƙin.

Haka ya zauna da wayar matarsa Fusae yana duba hotuna, tabarau a kan hanci, yana yanke hukunci. Na farko ya ce gajere ne, mutum ba ya karɓar suruki a ƙasa-ƙasa. Na biyu ya ce fitilun sun yi duhu, da alama ba sa iya biyan kuɗin wuta. Na uku ya kore shi saboda ya kasa faɗin sunansa. Can sai ya ci karo da wani dogon gini, a samansa ga ruwa shuɗi shar, faɗinsa ya kai filin makarantar garinsu, birni duk yana ƙarƙashinsa.

"Ga shi nan," ya ce. "Darajar masauki a wurin wankansa take. Dubi wannan, ko gidan baƙin da ya fi kowanne a garin nan, nasu kwano ne a gabansa."

Fusae ta leƙa, ta ce ita fa tana ganin layuka a ƙasan ruwan, ga kuma tsani na ƙarfe a gefe.

"Ke dai ba ki san birni ba. Layin don kada manya su yi karo da juna ne."

Ta ƙyale shi, ko da yake ita wurin ninƙaya ya yi mata kama. Shekara da shekaru sun koya mata cewa musu da Genzo ɓata yawu ne.

Ranar haɗuwa suka iso da hantsi. Wani saurayi mai farar safar hannu ya kai hannu zai ɗauki jakarsu, Genzo ya rungume ta yana harararsa, don an sha gaya masa halin mutanen Osaka. Da suka kai ƙofar ɗaki, ya tuɓe takalmansa na fita kunya, ya jera su a waje, bakinsu yana kallon hanya, yadda ake yi a gidan mutunci. Ciki kuwa bai burge shi ba. Babu tabarma, babu 'yar dattijuwar da za ta durƙusa ta zuba masa shayi ta tambayi gajiyar hanya, sai wani ƙaton gado da ya zauna a kai ya kusa nutsewa. Ya ce wa Fusae aikin yaran zamani ne, zai yi wa mai otal ɗin gyara kafin su tafi.

Mikako ta zo ta ɗauki uwarta su je gyaran gashi. Kafin ta fita ta riƙe hannun ubanta ta ce, "Baba, ka sa kwat ɗinka ka zauna a ɗakin nan har mu dawo. Kada ka je ko'ina. Abu ɗaya ke nan na roƙe ka."

Ya ce ta kwantar da hankalinta, kamar a gidansa yake.

Suna fita ya buɗe ƙofa ya ga babu takalma. Ma'aikata ne suka ɗauke su don gogewa, amma Sarkin Ƙwai bai san da wannan ba. Ya tsaya a hanya ya zage Osaka tas, ya ce dama ya faɗa. Daga baya ya huce, don ya tuna abin da ya kawo shi otal ɗin tun farko. Wane mai hankali ne zai gaida suruki da ƙurar jirgin ƙasa a jiki? Ya buɗe durowa ya samu yukata, rigar audugar nan mara nauyi da ake ajiye wa baƙi, ya ɗaura, ya zura silifa, ya saɓa ɗan tawul mai faɗin tafin hannu biyu. A garinsu haka baƙi ke yawo har kasuwa, ba mai kallonsu. A irin wannan otal kuwa rigar barci ce, ko ƙofar ɗaki ba a wucewa da ita.

A cikin lif ya tarar da mutane cikin kwat da turare. Duk suka ƙura wa rufi ido. Genzo ya ɗauka kwarjini ne, har ya ba wani shawarar ya saki jiki, ai hutu aka zo.

A hawan sama wata budurwa ce ke tsaron ƙofa. Ka san ladabin mutanenmu, ba a ce wa baƙo a'a kai tsaye. Ta sunkuya, ta ja numfashi ta haƙori, ta ce shigar nan tasa fa, wato, da ɗan wuya. Genzo ya ce lallai da wuya, ba kowa ya iya ɗaura ɗamara haka ba, ya gode da ta lura. Ta sake sunkuyawa ta miƙo masa gajeren wando da hular roba.

"Wando? A ruwan wanka?" Ya girgiza kai cikin tausayi. "'Yata, a wane gida aka raine ki? Wannan ai ƙazanta ce."

Kafin ta nemo kalmar da za ta hana shi ba tare da ta ɓata masa rai ba, ya shige.

A nan dai, a faɗi gaskiya, Genzo ya bi ƙa'ida tsaf. Ya tuɓe, ya ninke rigar, ya cuɗa jikinsa da sabulu har bayan kunne, ya ɗauraye. Ya ɗora ɗan tawul a ka, ya taka haihuwar uwarsa ya gangara cikin ruwan. Sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya shinshina ya ji warin magani. Ya ce a ransa wannan ruwan ko kwana zai yi ba zai dafa ƙwai ɗaya ba. Duk da haka ya jingina, ya lumshe ido, ya soma 'yar waƙar da yake yi a wankan garinsu.

Sai ruwa ya motsa. Wani kai mai hular roba ya ɓullo dab da shi, aka ɗaga tabaran ninƙaya, sai ga fuskar wata dattijuwa. Ta dube shi, ya dube ta. A sanin Genzo abu ɗaya ne kawai zai kawo mace nan: ya shigo ɓangaren mata. A garinsu wanda ya yi wannan, har jikokinsa sai an riƙa nuna su da baki.

Ya yi wuf ya fito, ya fizgo tawul daga ka ya kare gabansa da hannu biyu, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ƙofar da ya fara gani ita ya banka. Ba ita ce ta ɗakin tuɓe kaya ba. Ta rufe a bayansa, ƙyas, irin wadda ba ta buɗuwa ta waje.

Ya tsinci kansa a kan lallausan kafet, ana kaɗa piyano a hankali, ga ƙamshin shayi. Zauren da za a yi ganawar ke nan. Daidai lokacin lif ya buɗe. Tsujimoto bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba, kullum kafin lokaci yake zuwa, ya haɗu da su Fusae a ƙasa suka hawo tare. Ga shi a gaba cikin baƙar kwat, ga matarsa, ga ɗansu riƙe da kwalin tsaraba, ga Mikako da sabon gyaran gashi.

Genzo ya tsaya tsamo-tsamo, ruwa na ɗiga, kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Mikako ta yi ƙarfin hali ta gabatar da shi.

"Wannan... shi ne mahaifina."

Na ji tausayin yarinyar nan har raina, amma abin da ya biyo baya ba laifin kowa ba ne, tarbiyya ce. Kan Tsujimoto ya ɗauke wuta, sai jikinsa ya yi abin da ya saba yi duk tsawon aikinsa in an gabatar masa da mutum. Ya zaro katin sunansa, ya sunkuya, ya miƙa da hannu biyu. Kati kuwa in an miƙo da hannu biyu, da hannu biyu ake karɓa, ko yaron goye ya san wannan. Genzo ya dubi katin, ya dubi tawul. Ɗan ƙauye ne, amma ba a taɓa ce masa mara ladabi ba.

Ya karɓa da hannu biyu.

Mai piyano ya tsaya. Fusae ta juya tana nazarin bango. Genzo ya tsaya yana karanta katin a tsanake, yadda al'ada ta ce, ya yaba sunan, ya laluba inda zai sa shi bai samu ba. Sannan ya sunkuya ya faɗi abin da ake faɗa a irin wannan hali.

"Ku gafarce ni, ban fito da nawa katin ba."

"Haka muka lura," in ji Tsujimoto.

Matar Tsujimoto ce ta fara motsi. Ta taka ta kama hannun Mikako, wadda ta riga ta sallama auren a ranta, ta shafa shi kamar mai yin ta'aziyya. Ta juya wajen mijinta.

"Maigida, na yarda. A sa rana, kuma a sa kusa. Yarinyar nan ta sha wahala haka nan, a raba ta da gidan."