Rasuwar Maryala, Rigar Dalma ta Ɗakin Hoton Haƙori

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Huseina, mai taimaka wa likitan haƙori a nan Mai Wurno, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar aikina, rigar dalmar nan da muke kira Maryala. Ta rasu bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi.

Marigayiyar ta zo mana daga Hartum tare da na'urar ɗaukar hoton haƙori, a shekarar da Dakta Tahir ya buɗe ɗan asibitinsa a bayan kasuwa. Shuɗiya ce, mai nauyi kamar yaron goye. Aikinta ɗaya ne tak: ta tsaya tsakanin jikin mutum da hasken na'ura, wanda ido ba ya gani, wanda muke ce wa asha'a. Ta riƙe wannan aiki shekara da shekaru, ba ta taɓa neman hutu ba.

An shaide ta da rashin zaɓen mutum. Ta kwanta a ƙirjin manomin da ya shigo da laka a ƙafa, ta kwanta a ƙirjin 'yan matan da ake ɗaura wa waya don gyaran haƙori, masu dawowa hoto a kai a kai. Ba ta da yawan magana. In an sauke ta kan benci sai ta ce tim. In an buɗe maɗaurinta sai ta ce ƙyaat, har yara su zabura. Amma da zarar nauyinta ya sauka a kansu sai su yi lamo, kamar an rungume su.

Ni na fi kowa saninta. Ƙananan yara ba sa iya riƙe fim ɗin hoton a baki, kai na rawa, hawaye na zuba. To, sai in sa ta a jikina, in tsaya gab da na'ura, yatsana a bakin yaro, ɗaya hannun a ƙeyarsa. Ban taɓa jin tsoro ba. Ina cikin Maryala.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ƙusa. Duk wadda aka kafa mata a bango sai ta lanƙwashe, saboda haka aka riƙa ninke ta biyu ana ajiyewa. Zafin bazara ya yi nasa. Daga baya ta soma wani ɗan kuka, ƙaras-ƙaras, in an ɗaga ta. Muka ce tsufa ne.

Watan da ya wuce wani mai gyaran na'ura, Jibril, ya zo daga Sinnar. Ya ɗaga ta zai zauna kan benci, sai ya tsaya, ya kasa kunne. Ya ce, "'Yar'uwa, tun yaushe take wannan ƙara?" Na ce an daɗe. Ya dubi cikina, ya yi sauri ya kau da kai. Ya tafi da ita, ya ɗauke ta hoto a babbar na'ura, ya dawo mana da ita da fim ɗin. Da muka ɗaga shi a taga sai ga baƙaƙen layuka sun ratsa tsakiyarta, kamar gona ta tsattsage bayan ruwa ya janye. Dalmar ta kakkarye a daidai wurin ninki. Wurin nan kuwa shi ne yake sauka a kan cibiyata.

Cikina wata biyar ke nan. Na fari ne, bayan jiran da duk unguwarmu ta sani.

Dakta Tahir ya zaunar da ni, ya ce, "Huseina, hasken hoton haƙori kaɗan ne ƙwarai, kuma baki yake nufa, ba ciki ba. Wallahi da ɗiyata ce, haka zan gaya mata." Na yarda da shi, don bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kaina ya yarda. Ƙafafuna ne suka ƙi. In share inda na riga na share, in ɗora shayi in manta da shi, in fita ƙofar gida in rasa abin da ya fito da ni. Mahaifiyata, Inna Yalwa, ta gaji, ta ce, "Zauna, ɗiyata, kina sa ni jiri. Ɗan da ke shure-shure haka, mi ya same shi?" Mijina yana aikin gona a Rusairis. Da na gaya masa a waya sai ya ce, "Yana motsi?" Na ce yana yi. Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Tun daga ranar, kullum sai ya bugo ya sake yin tambayar.

Ƙafafun nan ne suka kai ni gidan Mairo, wadda muka lulluɓa wa marigayiyar bara tana da tsohon ciki. Na je in gaya mata, na tarar da ɗanta yana rarrafe a tsakar gida, baki cike da ƙasa, yana bin kaza. Na gaya mata duk da haka, don tana da haƙƙin ji. Ta ɗauke shi ta dangwara mini a cinya, ta ce, "Ɗaga ki ji nauyinsa." Na ɗaga. Har na dawo gida hannuna na jin nauyin.

Marigayiyar ta rasu ta bar na'urar hoto, wadda aka lulluɓe da zane sai sabuwar riga ta iso. Ta bar kujerar marasa lafiya, da ƙusoshi lanƙwasassu, da ni. Ta kuma bar doka: daga yau ba mai riƙe fim da yatsa, an aika a sayo abin riƙewa, kuma ba a ɗaukar hoto sai ya zama dole.

Game da jana'iza, iyalai na gode wa masuntan da suka nemi a ba su dalmarta su yi wa taru nauyi, amma sai haƙuri. Ba za a narka ta ba, ba za a jefa ta kogi ba, ba kuma za a binne ta inda yara ke tono ba. Ana karɓar ta'aziyya a gidan Inna Yalwa bayan la'asar. Muna roƙon masu zuwa su bar labarin matar da suka ji an ce ta haifi kaza da kaza a bakin ƙofa, tare da takalmansu.

Ranar Alhamis da safe za a ɗauki gawar a motar Sinnar, a miƙa ta ga waɗanda suka san yadda ake yi da irinta. A ranar ce kuma likitar mata za ta duba cikina a can. Mu uku za mu tafi a kujera ɗaya: ni, da marigayiyar a kan cinyata, da wanda ke ƙarƙashinta yana shure-shure. Ku taya mu da addu'a, mu dawo mu biyu lafiya.